Takardun da za ka nema kafin ka fara sana'ar gyaran lambu da ƙawata harabar gidaje

Toh idan kana shirin shiga sana'ar gyara harabar gidajen mutane, yankan ciyawa, shuka fulawa, jera duwatsu da makamantansu, dan Allah ka daina tambayar "wane lasisi ake yi wa wannan sana'ar", domin ba lasisi ɗaya ba ne. Takarda tana bin aikin da hannunka zai taɓa ne. Mai yankan ciyawa kawai daban, mai feshi daban, mai haƙa rami daban. Saboda haka ɗauko biro ka rubuta duk abin da za ka riƙa yi wa kwastoma ɗaya bayan ɗaya, da wannan jerin za ka je ofishin hukuma ka yi tambaya, in ba haka ba amsar rabi-rabi za su ba ka.

Rajistar kasuwancin kanta ba ta da wahala. Ka zaɓi suna, ka yanke shawara ko da sunanka kai kaɗai za ka yi ko kamfani za ka buɗe, wanda in bashi ko ƙara ta taso dukiyar kamfanin ake bi ba taka ta gida ba, ka karɓi lambar biyan haraji, ka leƙa ƙaramar hukuma ka ji ko suna ba da izinin gudanar da kasuwanci, shikenan ka wuce nan.

Inda nake so ka nutsu sosai shi ne feshi. Mutane da yawa suna ganin tunda maganin kashe ciyawa da na ƙwari a shago ake sayarwa ai kowa ma zai iya goya tanki ya fesa, amma fesawa a gidanka daban, fesawa a gidan wani a biya ka kuɗi daban, doka ta raba su a ƙasashe da yawa. A Amurka jihohi ne ke ba da lasisin masu feshi na kasuwanci bayan jarrabawa, kuma akwai magungunan da hukumar kare muhalli ta EPA ta taƙaita, ba a sayar wa wanda ba shi da satifiket. A Birtaniya akwai satifiket ɗin PA1 na sanin ka'idojin feshi, sai satifiket ɗin PA6 na mai feshi da tankin goyo ko na hannu. Kuma gaskiya dokar nan tana da dalili, a wannan ciyawar da ka fesa yaran gidan za su yi birgima da yamma, iska kuma tana iya kwasar maganin ta kai shi lambun maƙwabci ta ƙona masa shuka. Ka riƙe littafi kana rubuta ranar feshi, sunan magani, yawan da ka zuba da yanayin iska.

Sai haƙa. Ko ramin dasa bishiya ne kar ka raina shi, ƙarƙashin ƙasa akwai wayar lantarki, bututun gas, na ruwa, da wayar intanet. A Amurka lamba 811 ake kira kwanaki kaɗan kafin a haƙa, sai a zo a yi maka alama da fenti ko 'yan tutoci, ja na lantarki, rawaya na gas, shuɗi na ruwan sha, kore na magudanar ruwan datti. Inda babu irin wannan layin ka tuntuɓi kamfanonin ruwa da wuta da kanka. Na taɓa ganin wani ya daki bututun ruwa da diga, kafin a gano inda ake rufe ruwan harabar ta zama taɓo, fulawar da aka dasa da safe tana yawo a saman ruwa, shi kuma yana tsaye jiƙe sharkaf ba inshora. Abin ya daɗe yana damuna wallahi, domin mutum ne mai ƙoƙari.

Manyan ayyuka kamar gina katangar tare ƙasa ko shimfiɗa bututun ban ruwa sukan shiga layin 'yan kwangila. A jihar Kalifoniya ta Amurka lasisin C-27 na 'yan kwangilar gyaran haraba ake nema, kuma sai ka nuna gogewar shekara 4 ka ci jarrabawa. A jihar Teksas mai haɗa bututun ban ruwa yana da nasa lasisin daban, tunda in ba a sa abin da ke hana ruwa komawa baya ba, ruwan da ya gauraya da taki zai iya komawa cikin ruwan sha.

Bishiya ma kar ka sare don mai gida ya ce sare. A Ingila, a unguwannin da aka keɓe don adana tarihi, sai an ba hukuma sanarwar mako 6 kafin a taɓa babbar bishiya, kuma tarar tana iya hawa kan wanda ya riƙe zarton. Sharar ganye da rassan da za ka kwasa a mota ita ma can sai ka yi rajistar mai ɗaukar shara.

Inshora kuwa ko doka ba ta tilasta maka ba ka yi ta, ƙaramin dutse ɗaya injin yankan ciyawa zai cilla ya fasa gilashin motar kwastoma. In ka ɗauki yaran aiki ka tambayi ta raunin ma'aikata, wurare da yawa dole ce. Yawancin takardun nan suna da ranar ƙarewa, ka sa ranakun a wayarka ta tuna maka wata guda kafin lokaci, ka kuma ajiye kwafinsu a motar aiki domin manyan kwastomomi kafin su ba ka aiki sai sun ce mu gani.