Abin da za ka yi idan giyar motar otomatik da ka saya ta hannu ta fara ba ka matsala

Yawancin motocin otomatik da ke yawo a titunan Damagaram sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome, kuma da wuya mai saye ya samu takardar da za ta nuna masa yaushe rabon da a yi wa giyar juyen mai. Shi ya sa mota takan yi lafiya lau ranar ciniki, lokacin da aka ɗan zaga da ita cikin gari da sanyin safiya, amma bayan ƴan makonni, da an hau hanyar Mirya ko ta Magarya da tsakar rana, sai ta fara fizga, ko ta yi jinkirin shiga giya, ko inji ya yi ta ƙara alhali gudu bai ƙaru ba. Idan haka ta same ka, kada ka yarda a sauke giyar, kada kuma ka yarda a tura ka sayo wata, sai an gama binciken da ba ya cin kuɗi da yawa, domin a nan ake gano mafi yawan matsalolin.

Kafin ka je garaji, ka lura da yadda ciwon yake bayyana. Shin da sassafe yake zuwa kafin mota ta yi zafi, ko sai an yi tafiya mai nisa? A wace giya yake faruwa? Idan ka taka birki ka sa D ko R, nan take motar take kamawa ko sai ka jira? Makaniki nagari yana buƙatar waɗannan amsoshi fiye da kalmar “tana fizga” kaɗai. A daidai wannan lokaci kuma ka sanar da wanda ya sayar maka da dillalin da ya shiga tsakani, a gaban shaidun cinikin, tun kafin wani ya taɓa ƙusa ko ɗaya. A shari'ar Musulunci mai saye yana da haƙƙin mayar da haja saboda aibin da yake tattare da ita tun kafin ciniki wanda ba a bayyana masa ba, amma da zarar an buɗe giyar a wani garaji, mai sayarwa zai sami bakin cewa a can aka ɓata ta.

Abu na farko da ake dubawa shi ne man giya, kuma a nan ya kamata a daɗe, domin a motar otomatik wannan mai ba santsi kawai yake bayarwa ba. Shi ne yake ɗaukar ƙarfin inji zuwa giya, shi yake matse faifan kulocin da ke ciki, shi ne kuma yake sanyaya su. A yawancin tsofaffin Toyota, irin su Corolla da Camry masu sandar awon man giya, ana tuƙa motar har ta yi zafi, a tsaya a fili mai daidaito, a taka birki a zagaya da hannun giya daga P har zuwa ƙarshe, a dawo P, sannan a zaro sandar awon alhali inji yana aiki, a goge ta, a mayar, a sake zarowa a duba ko mai ya kai alamar zafi da ke jikin sandar. Honda ta bambanta: ana kashe inji ne a auna cikin kamar minti ɗaya. Wasu motocin, kamar Mercedes da yawa da kuma sababbin Toyota, ba su zuwa da sandar awo, sai a garaji ake iya aunawa. Mai ya yi ƙasa matsala ce, ya yi yawa ma matsala ce, domin yakan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse kuloci.

Ka ɗiga man a kan farar takarda ka duba launinsa, ka sansana. A yawancin motoci mai lafiyayye ja ne garau, ko ja mai ɗan duhu. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, faifan ciki sun sha zafi. Idan kuwa ya koma kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, galibi ta lagireto, domin a motoci da yawa bututun sanyaya man giya ta cikinsa ya bi. Wannan ba ya jira: a ajiye motar a canja lagireton, saboda ruwa yana saɓule fatar faifan kuloci cikin ɗan lokaci.

Akwai wata ɓarna da take damuna ƙwarai, wato zuba kowane jan mai a kowace giya. Launi ba shi ne shaida ba. Tsofaffin motoci da yawa Dexron III suke sha, wasu Toyota suna buƙatar T-IV, na baya-bayan nan WS, Honda tana da nata, Z1 ko DW-1. Giyar CVT, wadda ta yawaita a motocin Nissan, da bel na ƙarfe take aiki, kuma manta daban ne ɗungurungum, NS-2 ko NS-3. Wanda ya zuba mata mai na gama-gari ya kama hanyar kashe ta. Sunan man da ya dace yakan kasance a jikin sandar awo ko cikin littafin motar. Ka saye shi a galan rufaffe, ka tsaya a buɗe shi a gabanka, kada ka karɓi na kwalba da aka ɗura daga durom.

Idan za a yi juye, a yi mai sauƙi: a kwance ƙusar ƙasa ko a cire farantin ƙasan giyar, a canja matata idan motar tana da wadda ake canjawa, a auna abin da ya fito, a mayar da daidai shi. Lita uku zuwa huɗu ne suke fitowa a ƙananan motoci, ragowar tana cikin rufaffen kaskon da ke tsakanin inji da giya, don haka ana iya sake juyen bayan an yi tafiyar ƴan ɗaruruwan kilomita. Ban ba da shawarar wanke tsohuwar giya da injin matsi ba, domin yana tayar da dattin da ya kwanta ya tura shi cikin ƙananan hanyoyin mai. Idan an cire farantin, ka nemi a nuna maka mayen ƙarfen da ke manne a cikinsa. Laka mai laushi launin toka ba abin tsoro ba ce, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin baƙar fata suna nufin juye ba zai warkar da ita ba.

Bayan mai, sai a sa wa motar kwamfutar gwaji, wadda take fito da lambobin kuskuren da motar ta adana. Motocin kasuwar Amurka tun daga 1996, da na fetur na kasuwar Turai tun daga 2001, suna da mahaɗin gwaji a ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0700 tana nuna cewa kwamfutar giya ta ga kuskure ne kawai, sai an karanta wadda ke biye da ita: P0715 da P0720 na sensan gudu ne, P0750 na bawul mai aiki da lantarki ne, P0741 na kulocin kaskon nan ne, P0730 kuwa tana nuna giya tana sulluɓewa. Ka rubuta lambobin kafin a goge su. Motar da ta maƙale a giya ta biyu ko ta uku ta ƙi canjawa, fitilar O/D OFF ko ta D tana ƙyaftawa, sau da yawa kare kanta take yi saboda sensa ɗaya ko wayar da ta tsinke, kuma ana gyara wannan ba tare da an sauke giya ba.

Wasu cututtukan ma ba na giya ba ne. Batir mai rauni yana rikita kwamfuta, fulogin da ya mutu yana sa karkarwa, robar da inji ke zaune a kanta idan ta fashe takan sa a ji dukan ƙarfe lokacin sa D ko R. Ka tambaya kuma ko an cire wa motar tamostat, wato na'urar da ke sa ruwan inji ya kai zafin da ya dace ya tsaya a kai, kamar yadda wasu ke yi da sunan maganin zafin ƙasarmu, domin a Toyota da yawa kwamfuta ba ta barin giyar ƙarshe ta shiga sai ruwan inji ya kai zafin da aka tsara masa, abin da kan bayyana da sanyin hunturu.

Kafin a gama gyara, ka sassauta mata. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan wuce digiri 40, zafi kuwa shi ne babban abin da ke cinye man giya, don haka ka tabbatar fanka tana aiki, a kuma wanke ƙurar da ta toshe lagireto. Idan ka kafe a rairayi, kada ka yi ta taka totur kana jefa hannun giya tsakanin D da R. A haƙa, a rage iskar taya, a tura. Ba a tayar da motar otomatik da turi, ba a kuma jan ta tafiya mai nisa tayoyin da inji ke juyawa suna ƙasa, saboda famfon mai ba ya aiki idan inji a kashe yake. A ɗora ta a kan babbar mota.

Idan bincike ya tabbatar cewa cikin giyar ya lalace, saura zaɓi biyu: a sake haɗa ta da sababbin faifai da robobi a hannun wanda aikinsa ke nan, ko a sayo wata ta hannu, wato wadda aka ciro daga wata motar, a nan gari ko daga Kano. Idan ta hannu za a saya, lambar da ke jikinta ta dace da ta tsohuwar, domin mota iri ɗaya tana iya zuwa da giya daban-daban gwargwadon inji da shekara. A karɓo ta tare da kaskonta, a wanke bututun sanyaya mai sosai don kada dattin tsohuwar ya shiga sabuwar, sannan a yi yarjejeniya a rubuce da mai kayan kan kwanakin gwaji da za a iya mayar masa da ita a cikinsu, kafin ka biya cikon kuɗin.