Darasi na Bakwai: Tarawa Idan Lissafi Ya Zo Cikin Zance

Yawancin masu zuwa wannan aji sun iya tara kuɗi da ka, wasu ma sun fi malamin sauri. Inda ake tuntuɓe shi ne idan tambaya ta zo a rubuce cikin zance, irin wadda yara ke kawowa gida daga makaranta. A nan sai mutum ya tsamo lissafin daga cikin maganar tukuna.

Ku duba wannan. Wata mai koko da ƙosai a Aboabo, nan Kumasi, ta yi cinikin sidi 148 (sidi shi ne kuɗin Ghana) ranar Litinin, ranar Talata kuma sidi 275. 'Yan mata 2 ne ke taya ta. Nawa ta yi ciniki duka?

A karanta sau biyu, a ja layi ƙarƙashin abin da aka tambaya: jimlar ciniki. Ke nan adadin 'yan matan ba shi da aiki a nan, an sa shi ne don a gwada hankalinku. Duk wanda ya tara 2 da kuɗin ya haɗa mutane da sidi.

Sai a rubuta 148, a rubuta 275 a ƙarƙashinsa, 5 daidai ƙasan 8, 7 ƙasan 4, 2 ƙasan 1. Daga dama ake farawa. 8 da 5, 13: a rubuta 3, a ajiye 1 a saman gidan goma-goma. 1 da 4 da 7, 12: a rubuta 2, a sake ajiye 1. 1 da 1 da 2, 4. Amsa sidi 423. Wannan 1 da ake ajiyewa a rubuta shi da fensir, kar a riƙe shi a zuci, don mantawa da shi ne ke sa mutum ya samu 313, sidi 110 sun salwanta ke nan. Kafin a miƙa amsa a gwada ta da ƙiyasi: 148 ya kusa 150, shi da 275 kuwa 425 ne, to 423 na kan hanya.

Pesuwa na da nata tarkon. Pesuwa 100 ce sidi 1. Idan kuɗin trotro, wato motar haya, 6.50 ne, aka sayi burodi na 3.70, pesuwar ta kai 120, wato sidi 1 da pesuwa 20. Jimla 10.20, ba 9.120 ba. Kullum ɗigo ya zauna ƙarƙashin ɗigo, kuma sidi 35 a rubuta shi 35.00.

Kalmomi irin su “duka”, “jimla”, “gaba ɗaya” kan nuna tarawa, amma kar a bi su ido rufe. “Wani tela ya ƙara sidi 40 a kuɗin susunsa, wato kuɗin ajiyarsa, suka zama 200. Nawa ne da farko?” Akwai “ƙara” a ciki, alhali ɗebewa ake so, amsa 160.

Aikin gida: Mai albasa a kasuwar Kejetia ya sayar da buhu 67 da safe, 58 da yamma, yana da yaran shago 3. Buhu nawa ya sayar? Sannan a tara 12.80 da 7.45 da sidi 20.