Yadda na rabu da ciwon ƙwauri

Bayan sallar asuba nake fita gudu, kilomita 3 a kan kwalta. Da na ji jiki ya saba, sai na mayar da shi 7 cikin mako guda. Ba a yi kwana goma ba ƙwaurina na hagu ya fara zugi ta gefen ciki, daga tsakiya har kusa da idon sawu. Da farko in jiki ya ɗumama yakan lafa, daga baya ko masallaci sai da ɗingishi.

Na yi ta shafa man zafi, a banza. Likita ya bi ƙashin da yatsa yana dannawa. Ya ce tunda zafin ya bazu, naman da ke manne da ƙashin ne ya wahala. Da a wuri ɗaya ya tsaya, da sai an ɗauki hoto, don ƙashin kan tsage.

Mako 3 ban yi gudu ba, sai keke. Ina naɗe ƙanƙara a tsumma in ɗora minti 15, safe da yamma. Da na juya kambas ɗina na ga diddigen ya cinye ta gefe guda, ashe na daɗe ina taka ƙasa a karkace. Na canza shi. Kullum kuma ina tsayawa bakin matakala, in ɗaga diddige in sauke a hankali sau 15, don sharaɓa ta yi ƙarfi.

Yanzu a filin ƙwallo nake gudu, kan ƙasa. Da kilomita 2 na koma, ina tsallake kwana ɗaya, ƙarin mako kuma ba ya wuce kashi 10 cikin 100.