Yadda ake duba mota ta hannu kafin a biya kuɗi, a fara da takarda

Duk wanda ya ce in raka shi sayen mota a Birnin Kebbi, sharaɗina ɗaya ne: ba za mu buɗe bonet ba sai mun gama da takardu. Mutane kan ji haushin wannan, domin ido ya riga ya tafi kan fenti da kushin, hannu har ya kai sitiyari. Na raka ƙanne da abokai da abokan aiki da yawa, kuma cikin waɗanda suka yi da-na-sani, kaɗan ne inji ya kayar. Inji ko ya buga, bakanike zai tayar da shi. Motar da ba a biya mata kuɗin kwastam ba kuwa, babu garejin da ke gyara ta.

Mataki na farko, lambar shasi

Ka je da biro da takarda, ka kwafi lambar da hannunka daga jikin motar. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da kuma kan sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, sannan akwai wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, wadda bakanikenka ya san inda take. Haruffa da alƙaluma 17 ne, kuma ba a sa I da O da Q a ciki. Dole wuraren nan duka su faɗi abu ɗaya. In ka ga alamar walda ko sabon fenti a kewayen wadda ke jikin ƙarfe, ka yi sallama ka tafi.

A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ke faɗin shekara: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A na nufin 2010, B kuma 2011. Wannan na da amfani domin yanzu ana sauya wa mota fitilu da bamba a ce da kai ta 2012 ce, alhali ta girmi haka da shekara huɗu ko biyar.

Sai ka karɓi takardar kwastam, ta asali. Hoton takarda a waya ko kwafi ba ya shiga lissafi. Mu nan muna bakin iyaka ne, ga Kamba, ga Dole Kaina, ga Tsamiya da Lolo, kuma shekara da shekaru motocin Kwatano ta nan suke shigowa. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa. Motoci ba su daina shigowa ba, sai dai da yawa ta ɓarauniyar hanya suka biyo, aka nema musu takardar wata motar, aka yi musu lamba, suka shiga gari. Irin waɗannan sun wuce hannu biyu ko uku yanzu, har wanda ke sayar maka ma kan rantse da gaskiyarsa, domin shi ma haka aka ba shi.

A nan aka cuce ni. Shekarun baya na sayi Corolla a hannun wani dillali da maƙwabcina ya haɗa mu. Ya miƙo takardar kwastam, na duba farkon lambar shasi, na ga ta yi daidai da ta jikin gilashi, na ninke takarda na sa aljihu. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, haruffan farko bayanin kamfani da samfurin mota ne, don haka Corolla dubu za su iya yin tarayya a kansu. Alƙaluma shida na ƙarshe su ne na wannan motar ita kaɗai. Wata bakwai ina hawa lafiya tsakanin gida da wurin aiki. Ranar da na ɗauki iyalina za mu biki Kontagora, bayan mun wuce Yawuri aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya karɓi takarda, ya sunkuya kan gilashi, ya karanta daga ƙarshe, ya ce, "Alhaji, wannan takardar ba ta motar nan ba ce." Aikinsa ya yi, kuma gaskiya ya faɗa: alƙaluma uku na ƙarshe sun saɓa. Maiɗakina da yara uku, ƙaramar tana goye, a motar haya suka ƙarasa, ni kuma na bi motata inda aka ajiye ta. Wayar dillali ba ta sake shiga ba. Kuɗin da na kashe kafin motar ta dawo hannuna ya kusa kai rabin abin da na saye ta, ban da kunyar da na sha a gaban maƙwabcina, wanda shi ma bai san komai ba.

Saboda haka ka karanta lambar daga ƙarshe zuwa farko, ɗaya bayan ɗaya, kai kana karanta ta jikin mota da ƙarfi, wani yana bin ta takarda da yatsa. Ko ta yi daidai kada ka tsaya nan, domin ana buga takardar jabu mai ɗauke da lambar gaskiya. Ka ɗauki takardar zuwa ofishin kwastam na Birnin Kebbi a duba maka ita a na'ura. Abin da za su nema shi ne lambar shigar da kaya, wadda ke farawa da C, da shekarar da aka biya, da tashar da aka biya, yawanci Tin Can ko PTML ko Apapa a Legas. Ka tambaya ko an biya kuɗin cikakke, don akwai motocin da aka rage wa shekara a takarda domin a biya kaɗan, kuma cikon yana kan wanda aka kama da motar. A 2024 hukumar ta buɗe ƙofar kwana 90 ga masu irin waɗannan motoci su je su biya tare da tara, abin da ke nuna maka yawansu a kan titi.

Kada lambar da ke manne a gaba da baya ta ruɗe ka. Mota na iya samun lamba da lasisi da inshora, duk na gaskiya, ba tare da an biya mata kwastam ba. In mai mota ya ce, "Haba yallaɓai, motag ga shekara huɗu ina hawanta ba wanda yat tsai da ni," ka ce ka ji, amma a je a duba. In ya ƙi, cinikin ya mutu.

Da wannan tafiyar ka haɗa bincike kan mai motar. Sunan da ke takardar mallaka ya zama na wanda ke tsaye gabanka, da katin shaidarsa. In ba sunansa ba ne, ya kawo takardar cinikin da ta sada shi da motar. Hukumar kiyaye haɗurra tana da shafin intanet da ake duba lambar mota, 'yan sanda kuma suna da rajistar motocin da aka sace. Motar sata ta fi ta fasa-ƙwauri sharri, domin ita kai kanka za a tsare.

Mataki na biyu, inji mai sanyi

Sai takardu sun fita sannan ka kira bakanike, kuma naka, wanda ya saba gyara maka ko gyara wa wani naka. Bakaniken da dillali ya kawo da la'adarsa a ciki. Kuɗin da za ka ba naka bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, kada ka yi ƙyashi.

Ku je da sassafe, kuma ka sa hannu a kan inji kafin a tayar. In da ɗumi, an riga ku, ka ce gobe za ka dawo. Inji mai sanyi ne ke tona kansa: wahalar tashi, ƙarar ƙwanƙwasa ta 'yan daƙiƙun farko, hayaƙi. Shuɗin hayaƙi baƙin mai yake ƙonawa. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda, gaskit ya tafi. Buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa, in ka ga abu kamar madarar da aka dama da shayi, maganar ɗaya ce. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu an san ta da shan baƙin mai, don haka ita a ƙara sa ido.

Kafin a tayar, murɗa makulli fitilun dashbod su kama duka, har da ta inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa cire ta aka yi. A sa na'urar bincike, motocin Amurka daga 1996 duk suna da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. A leƙa salansa a ga ko indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, na nan, don ana yanke shi a sayar.

Ni ba na sayen motar da aka cire wa tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, aka haɗa fanka kai tsaye. Makanikai za su ce zafin ƙasarmu ne ya sa, amma sau da yawa wani ciwon ake ɓoyewa a lagireto.

Mataki na uku, jiki da ruwa

Ka duba ta da rana, a wanke, kana kallon gefenta daga nesa kaɗan don ka ga inda fenti ya saɓa. Ɗan maganaɗisu ya isa: inda bai kama ba a jikin ƙarfe, foti aka cika. Kujewar bamba ba komai ba ce. Abin gudu shi ne walda a ƙafafun shasi na gaba ko a ginshiƙan ƙofa. Sannan ɗaga kafet, ka sa hannu ƙarƙashin kujera, ka cire safaya ka leƙa raminta. Laka busasshiya, tsatsa a ƙusoshin kujera, ko warin rima da aka danne da turare, duk alamar ta sha ruwa ce. Mun ga ambaliyar 2020 a jihar nan, kuma cikin 'yan Beljiyam da ake kawowa daga Amurka akwai waɗanda guguwa ta nutsar. Irin wannan mota wayarinta ba ya ƙarewa da gyara.

Taya tana da ranar haihuwa a gefenta, alƙaluma huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In sun tsufa ka cire kuɗin huɗu daga farashi. Mitar tafiya kuwa ana mayar da ita baya, na fi yarda da yadda robar birki da sitiyari suka cinye.

Mataki na huɗu, hawa

Zagayen unguwa ba gwaji ba ne. Ka sa mai da kuɗinka, ku miƙa hanyar Kalgo ko ta Argungu da tsakar rana, esi a kunne, rediyo a kashe, idonka na kan allurar zafi. Giya ta shiga ba fizga ba jinkiri, musamman in Honda Accord ce ta 2003 mai silinda shida. Taka birki da ƙarfi sau ɗaya, saki sitiyari kaɗan ka ga ko tana ja gefe, bi ta kan gargada ka saurari ƙafafu. Da kun dawo a bar ta tana aiki minti goma a tsaye, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo.

Biyan kuɗi ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke takarda. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi cikakkiya da shaidu biyu, a yanke la'adar dillali tun kafin a yi sallama, ka karɓi takardun asali da makulli na biyu a wurin. A satin nan ka je a mayar da mallaka sunanka, ka juye baƙin mai da filta ko da an ce jiya aka yi.