Yadda zaka tarbi tsofaffin sojoji in yunwa ta kawo su ƙofar gwamnati

In Allah ya ɗora maka wani iko, ko kwamishinan ƴan sanda ne kai ko minista ko mai ba shugaba shawara, wata rana kana iya wayar gari ka tarar tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a bakin get suna neman haƙƙinsu, ga tsadar rayuwa ga baitulmali ba kuɗi. Ni dai ban ga inda zaka koyi yadda ake tarbarsu ba kamar abin da ya faru a birnin Washinton na Amurka a 1932, lokacin da tsofaffin sojoji suka kafa sansani a can suna neman a biya su kuɗinsu.

Kafin ka kira kowa, fara sanin me suka zo karɓa. Waɗancan mutanen sun yi yaƙin duniya na ɗaya, a 1924 majalisa ta yi doka a basu ladan dala 1 kan kowace ranar aiki a gida, dala 1.25 in a ƙetare ne, amma takarda aka miƙa musu aka ce sai 1945 zasu karɓi kuɗin. Sai tattalin arziki ya karye a 1929, aiki ya ƙare, mutum na riƙe da takardar kuɗi a aljihu yaransa na kwana da yunwa. Kaga ai ba bara suka zo ba, bashi suke bi, roƙonsu kawai a matso da ranar biya.

Daga nan ka taka da ƙafarka kaje wajensu. Shugaban ƴan sandan birnin, Pelham Glassford, wanda shima tsohon janar ne da ya yi yaƙin, haka ya yi, yana shiga sansaninsu na unguwar Anacostia yana nemo musu abinci har da kuɗin aljihunsa, shi yasa aka shafe makonni ba a ji kansu ba. Ka nemi jagoransu ka riƙe shi da kyau, domin shine zai tsare maka su. Nasu jagoran Walter Waters, tsohon saje daga Portland, shi da kansa ya kafa musu doka ba shan giya ba bara ba tada fitina. Kuma dan Allah ka leƙa cikin bukkokin ka ga su waye a ciki, a can akwai mata da ƙananan yara da yawa.

In amsar a'a ce, to ka faɗa musu da bakinka. Majalisar wakilai ta amince a biya su ranar 15 ga Yuni, bayan kwana biyu dattawa suka kada ƙudurin 62 da 18, amma shugaba Hoover ko sau ɗaya bai zauna da su ba. An dai ware dala 100,000 na kuɗin komawa gida wasu suka karɓa suka tafi, sauran suka zauna saboda yawancinsu ba gidan da zasu koma. Kar kuma ka laƙaba musu sunan ɓatagari ko ƴan kwaminis don ka samu hujja, gwamnatin Hoover ta gwada, jama'a basu yarda ba.

Abin da nafi so ka riƙe shine kar ka tura soja kan soja. Ranar 28 ga Yuli aka ce ƴan sanda su fitar da su daga wasu gine-ginen gwamnati, rikici ya tashi aka harbi mutum biyu, William Hushka da Eric Carlson, duk suka rasu. Maimakon a dakata a nan sai Hoover ya kira Janar Douglas MacArthur, ya shigo da mahaya dawakai da tankokin yaƙi da barkonon tsohuwa, bindigogi da wuƙa a baki, aka kora mutanen da suka taɓa saka wannan kakin. Hoover ya aika cewa kar a haye gadar Anacostia da ke kaiwa sansaninsu, MacArthur ya haye abinsa, daren nan sansanin ya ƙone ƙurmus mata na gudu da goyo. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci. Ka lura da wajen gadar nan sosai, da zarar ka saki mai bindiga ba lallai ya ji kiranka ba in kace ya tsaya. A Nuwamba Hoover ya sha mugun kaye a zaɓe.

To in babu kuɗin fa? Roosevelt, shugaban da ya gaji Hoover, shima bai yarda a biya ba, amma da suka dawo a 1933 sai ya basu masauki a Fort Hunt da abinci sau uku a rana, matarsa Eleanor taje ta zauna da su ta saurare su, sannan aka buɗe wa tsofaffin sojoji 25,000 gurbin aiki a shirin CCC na dashen itatuwa da gyaran daji. Ba wanda aka daka. Sai dai in ka basu aiki ka bi sawun inda ka tura su, don a 1935 guguwa ta hallaka tsofaffin sojoji sama da 200 a sansanonin aikin hanya a tsibiran Florida, jirgin ƙasan da aka aika ya kwashe su ya makara. A 1936 majalisa ta tsallake ƙin amincewar Roosevelt aka biya su kuɗinsu, saura shekara 9 wa'adin ya cika.