Yadda Za Ka Riƙa Zuwa Kallon Kiɗa a Garwa, Marwa da Ngaundare Ba Tare da Ka Taɓa Kuɗin Cefane Ba

Wanda ya dawo daga wurin kiɗa aljihu wayam, da wuya ka ji kuɗin ƙofa ne suka cinye shi. Yawancin kiɗan da ake yi a garuruwan nan na arewacin Kamaru ba shi ma da ƙofar. Abubuwa uku ne ke kwashe kuɗi: liƙi, abin da aka ci aka sha ana jiran a fara, da mashin ɗin komawa gida tsakar dare. Duk ukun ana iya yi musu linzami, amma tun ranar da kuɗin wata suka shigo hannu ake sa shi, ba bayan kalangu ya fara kiran sunanka ba.

Fara da rabon wata

A ɗauki misalin mai samun sefa 60,000 a wata, wanda shi ne mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kamaru ta yanke a 2023 ga ma'aikatan kamfanonin da ba na noma ba. A ce saurayi ne mai ɗaki ɗaya. Haya 12,000, abinci 25,000, wuta da ruwa 4,000, mashin zuwa aiki 8,000, zubin adashe 5,000, katin waya 2,000. An tashi 56,000. Cikin jaka huɗun da suka rage, a jefa ɗaya a asusun ko-ta-kwana saboda zazzaɓin damina ba ya sallama. Jaka uku su ne kuɗin kiɗa: fita biyu, kowace 1,500. Ka sa naka alƙaluman a gurbin waɗannan, tsarin dai shi ne kuɗin kiɗa su zo a ƙarshen layi, kuma su fita daga cikin sauran tun ranar farko.

Ka cire su a hannu, ka naɗe a wani wuri dabam. Kada ka bar su a asusun waya na Orange Money ko MoMo da niyyar za ka riƙa cirowa kaɗan-kaɗan. Kowane cirewa da ladan kamfani, ga harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka ɗora tun Janairun 2022, kuma mafi muni, muddin kuɗin hayarka na cikin wayar da ke aljihunka a wurin wasa, to suna wurin wasan su ma.

In kana son jaka ukun nan su zama biyar, a tukunya za ka samo su. Dawa da gero da masara suna araha daga Oktoba zuwa Disamba, masakwa, wato dawar rani, kuma tana shigowa kasuwa wajen Fabrairu da Maris. Mai sayen kwano-kwano a Yuli da Agusta shi ke biyan tsadar shekara. Ku haɗa kai ku uku ko huɗu ku sayi buhu da kaka, ku raba, a ɗora a kan katako nesa da bango don kada danshi da ƙwaro su shiga. Kuɓewa busasshiya, kuka, yakuwa, tattasai da busasshen kifi duk haka ake yi musu. Mai ma, litar man auduga na Diamaor guda ta fi sayen ɗaurin leda kullum sauƙi in ka lissafa a ƙarshen wata. Wanda adashensa zai fito, ya roƙi uwar adashe ta sa masa kwasa a watan kaka.

Inda kiɗa yake kyauta

Fada ita ce ta farko. Ranar sallah ƙarama da babba, bayan an sauko daga idi, lamido kan hau, makaɗan fada na biye da algaita da kakaki da ganguna. Babu mai tambayarka ko sisi. A Ngaundare ko ba sallah ba, ranar Juma'a ana raka lamido masallaci da bushe-bushe. Ka je da wuri ka kama inuwa, ka tsaya gefen da mabusa ke tsayawa, ba bakin hanyar da dawakai ke sukuwa ba. Ka lura da kumatun mai algaita: yana tara iska a baki, yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa. Daga nesa ba za ka ga wannan ba.

Sai ranakun hukuma. 11 ga Fabrairu ranar matasa ce, kuma makon da ke gabanta makarantu da ƙungiyoyi kan yi ta wasanni. 20 ga Mayu bikin ƙasa. 21 ga Yuni ranar kiɗa, wadda aka faro a Faransa a 1982, kuma al'adarta a yi wasa a fili kyauta. Cibiyoyin al'adun Faransa, wato Aliyans Faranse, na Garwa da Ngaundare suna liƙa jadawalinsu a allon bakin ƙofa da shafinsu na Facebook. Wasu wasannin nasu kyauta ne, wasu da tikiti, don haka ka duba kafin ka hau mashin. A nan ne za ka ga matasa masu jita da ganga ta zamani suna waƙa da Fulatanci da Hausa da Faransanci, kuma a nan ne ake ɗan mutunta lokacin da aka rubuta.

Amma gaskiya gidan biki shi ne babban dandali. Bukukuwa sukan yi yawa a Sha'aban kafin azumi, da bayan sallah, da bayan kaka lokacin da manoman auduga suka karɓi kuɗinsu. Wasan da aka kafa a ƙofar gida ko a kan titi na kowa ne, ka tsaya ka kalla. Na cikin gida, irin kamu da wunin mata, ba a shiga sai da gayyata, namiji kuma ba shi da hurumi a can. Hanya mafi sauƙi ta sanin inda za a yi wasa ita ce ka saba da masu ba da hayar kujeru da rumfa da lasifika a unguwarku. Sun san jadawalin mako biyu gaba fiye da kowa.

Akwai kuma wuraren dare na Yelwa a Garwa, Domayo a Marwa da Balaji a Ngaundare, inda wasu gidajen ke da makaɗa a ƙarshen mako. Ka sani tun daga gida cewa yawancinsu gidajen giya ne, kuma abin sha shi ne kuɗin kujera, farashinsa ya fi na shago. In wurin bai dace da kai ba, babu asara, abin da ke sama ya ishe ka shekara.

Liƙi

Nan ne maganar take. Ƴan'uwanmu na Najeriya suna da ƙananan takardun naira, mutum ya yi ta watsawa minti biyar bai kashe abin kirki ba. Mu takardarmu mafi ƙanƙanta ita ce ta 500. Ka zari goma ka manna, jaka biyar sun tafi kafin mawaƙi ya kai amshi na biyu, kuɗin abincin kwana shida ke nan a lissafin da muka yi. Mai kwaikwayon liƙin da yake gani a bidiyon Kano da takardun sefa, kansa yake yi wa.

To ga yadda ake yi. Tun cikin mako ka fara tara ƴan ɗari-ɗari, domin canji yana wuya a garuruwan nan, kuma ba a neman canji a wurin wasa. Wanda ya miƙa wa maroƙi takardar 2,000 ya ce a ba shi 1,500, ya yi kyautar 2,000, sai dai bai sani ba. Ka ware 500 na liƙi a aljihun gaba, su kaɗai. Kuɗin ƙarfe ba a jifa da su, rashin mutunci ne kuma suna ɓacewa cikin ƙasa. A faifai ko tiren da aka ajiye gaban makaɗa ake sa su, ko a danƙa wa sanƙira a hannu.

Kada ka ba da a waƙar farko. Maroƙa suna karanta fili, wanda ya fara fiddawa da wuri sun gane yana da saura, kuma za su dawo kansa har sai ya ƙare. Ka jira wasa ya yi zafi, ka tashi sau ɗaya, ka bayar, ka koma ka zauna. In an sake kewayowa, ka ɗaga hannu ka ce, "Allah ya ƙara basira, maigida, an yi na yau." Sun san wannan magana, ba sa jin haushinta.

Abin da ke karya mutane shi ne kirari. Maroƙi bai san sunan kakanka ba, wani ne ya raɗa masa, kuma sau da yawa abokin da kuka zo tare ne, don tsokana. Da zarar an ambaci mahaifinka da garinku a lasifika, kunya ta kama ka, hannu ya tafi aljihu da kansa. Maganinsa biyu. Ku yi yarjejeniya da abokai tun a hanya cewa babu mai ba da sunan wani. Na biyu ya fi: ku haɗa kuɗin. Mutum biyar, kowa 500, an sami 2,500. Ɗaya ya kai wa sanƙira da sunan majalisarku ko ƙungiyarku. Za a yi shelarta da ƙarfi, wataƙila ma a ƙara mata gishiri, ku duka kun fita kunya, kuma makaɗan sun fi jin daɗin wannan a kan ɗari biyar-biyar da ke zuwa a warwatse.

Kada kuma tsimi ya kai ka ga kallon kyauta kullum. Abin da aka tara a faifan nan mutum shida ko takwas za su raba, da mai kalangu da ƴan amshi da yaron da ke ɗaukar kaya, wani lokaci har da kuɗin hayar lasifika a ciki. In yau ba ka da shi, tsaya a baya, ban da zama a kujerar gaba.

Ga mata, liƙi bai kai anko ci ba. Atamfa da ɗinki na biki ɗaya sun isa su haɗiye kuɗin kiɗan wata uku. Ki zaɓi bikin da ya zama dole, na dangi na kusa ko aminiya, sauran ki je da kayanki masu kyau ki ba da gudummawa daidai ƙarfi. Uwar biki ta fi tuna wadda ta zo ta kama mata aiki.

Ciki da lokaci

Ka ci tuwonka a gida. Mai tsire da mai shayi da mai lemo sun san mutum ba ya ciniki in yana jin yunwa ga kuma idon jama'a. Ka ɗauki gorar ruwa, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a Garwa da Marwa. Sefa 400 da suka rage a kasafin fitar, bayan an ware na liƙi da na mashin zuwa da dawowa, sun isa zoɓo mai sanyi, wanda aka fi sani da folere a nan, da ɗan abin taɓawa.

In an ce wasa ƙarfe huɗu, a gidan biki ana nufin bayan la'asar a fara jera kujeru. Na dare kuma sai bayan isha'i. Zuwa da wuri yana nufin awa biyu kana zaune kana saye-saye. Ka sami wani a unguwar ya kira ka in an fara gwada lasifika. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, danshi yana saki fatar ganga, sai an gasa ta a wuta kafin ta yi murya, hadari kuma yana iya watsa taron gaba ɗaya, don haka kada ka biya mashin mai nisa in gabas ta yi baƙi. Wasan da ya dogara da jita da piyano yana mutuwa in an ɗauke wuta, sai in akwai janareta, tambaya ɗaya ce kafin ka sayi tikiti. Kalangu da garaya da goge ba ruwansu da kamfanin wutar lantarki. Kuma kada ka zauna gaban lasifika, ka nemi gefe kusa da makaɗa inda za ka ji fatar da kanta.

Komawa gida

Kuɗin komawa su ne na farko da za ka ware, a aljihu dabam ko cikin hula, kuma ba a taɓa su ko wane kirari aka yi. Ka ƙiyasta ninki biyu na abin da ka biya da rana: in zuwa 200 ne, ajiye 400. Masu kilando, wato mashin ɗin haya, suna ƙara kuɗi da dare, sun kuma ƙara tun da man zuwa-zuwa, fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya, ya yi tsada bayan Najeriya ta cire tallafi a 2023. A yi ciniki kafin a hau. In ka tashi ana cikin waƙar ƙarshe, za ka tarar da mashin goma suna jiran mutum ɗaya. In ka jira aka watse, mutum hamsin ne ke rububin goman, farashi kuma ya tashi. Mafi kyau ka riƙe lambar mai mashin ɗaya na unguwarku wanda ka san gidansu, ku yanke kuɗin zuwa da dawowa tun da rana.

Katin ɗan ƙasa ko rasit ɗinsa ya kasance a jikinka, domin sintiri na tsayar da mutane da dare, kuma rashinsa na iya cin abin da ya fi kuɗin fitar duka. A jihar Arewa Mai Nisa, inda Marwa take, hukuma kan taƙaita zirga-zirgar mashin da dare saboda tsaro, dokar kuma tana canzawa daga gari zuwa gari, sai ka tambayi masu mashin na tasharku ƙarfe nawa suke ajiyewa a wannan makon. Waya ta zauna a aljihun gaba, ɗaukar bidiyo da hannu a sama cikin cunkoso shi ne yadda yawanci ake rasa ta. Mai zuwa wasan dare a Ngaundare cikin Disamba da Janairu ya tafi da rigar sanyi, garin yana kan tudu, kuma iskar kan mashin ƙarfe ɗaya na dare ta sha bamban da ta Garwa.