Darasi na Tara: Gyaran Tsohon Ginin Dutse da Jan Bulo

Duk ginin dutse ko na jan bulo abu biyu ne suka haɗu suka tayar da shi: akwai dutsen ko bulon kansa, akwai kuma kwaɓin da aka zuba a tsakani ya riƙe su. Layin kwaɓin nan da ake gani tsakanin bulo da bulo shi za mu riƙa kira gaɓa a wannan darasi. A tsofaffin gine-ginen kasuwanci, irin su rumbunan ajiye kaya da tashoshin jirgin ƙasa, da kuma gine-ginen tarihi, gaɓar ce kan fara lalacewa, kuma da gangan maginan asali suka tsara abin haka. Gaɓa ana iya ƙwaƙule ta a sake cikawa sau da yawa, amma dutsen da aka sassaƙa shekara 200 da suka wuce, in ya farfashe, da wuya a sami madadinsa.

Ruwa ake fara nema

Kafin magini ya ɗauki guduma, ya kamata ya zagaya ginin a tsanake, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ana cikin ruwan sama ko da zarar an ɗauke. A lokacin zai ga indararon da ya toshe, da bututun da ya fashe yana kwarara a jikin bango, da kan katangar da ruwa ke kwanciya, da ƙasar da ta taru ta rufe gindin gini tana shayar da shi danshi. Mafi yawan lalacewar bango daga ruwa take farawa, saboda haka wanda ya cike gaɓa bai gyara indararo ba, zai dawo ya sake aikin bayan 'yan shekaru.

Ruwan da ya shiga bango yakan narkar da gishirin da ke cikin bulo ko cikin ƙasa, ya kawo shi fuskar bango, sai ku ga wani farin gari yana fitowa idan wurin ya bushe. Idan gishirin ya daskare a ƙarƙashin fatar bulo, yakan ɓamɓare ta. A ƙasashe masu tsananin sanyi akwai ƙarin matsala, domin ruwa idan ya zama ƙanƙara girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga abin da yake ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma saiwar tsiro, wadda ke kutsawa cikin ƙaramar tsaga tana buɗa ta shekara da shekara.

Ba kowace tsaga ce aikin birkila ba. Ku sa alama da fensir a ƙarshen tsagar, ku auna faɗinta, ku rubuta kwanan wata, ku sake aunawa bayan wata ɗaya ko biyu. Idan tana ƙaruwa, ko bango ya yi ciki ya turo waje, ko tsagar ta taso daga harsashi tana hawa kamar matakala, to sai a kira injiniyan gini kafin a taɓa komai.

Me ya sa siminti ke cutar da tsohon gini

A nan ne magina masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Simintin da muka sani sabon abu ne a tarihin gini. Wani birkila ɗan garin Lids a Ingila, mai suna Joseph Aspdin, shi ya yi rajistar simintin Portland a shekarar 1824, kuma sai da aka ɗauki shekaru masu yawa kafin ya zama ruwan dare. Kafin nan da farar ƙasa da yashi ake kwaɓi. Farar ƙasar gini ana samunta ne ta ƙona wani irin dutse a zafin da ya kai kusan digiri 900, sannan a jiƙa shi da ruwa har ya zama kamar kullu. Kwaɓinta yana ƙarfi a hankali ta shan iskar kabon da ke sararin sama, kuma ko ya bushe yana da ɗan laushi, yana kuma barin danshi ya ratsa shi ya fita.

Wannan laushin shi ne amfaninsa. Gini yana motsi kaɗan-kaɗan da zafi da sanyi da zaman ƙasa, kuma gaɓa mai laushi takan ɗauke wannan motsi. Danshin da ke cikin bango ma ta gaɓar yake fita. Idan aka cike gaɓar da siminti mai tauri, motsin sai ya koma kan bulo ya gutsure gefensa, danshin kuma da ya rasa hanya sai ya bi ta cikin bulon tare da gishirinsa. Shi ya sa za ku ga bangon da layukan simintinsa ke tsaye ƙyam, bulon kuwa ya zaizaye ya shige ciki kamar saƙar zuma. Ƙa'idar da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace ita ce, sabon kwaɓi kada ya fi bulon tauri, kada kuma ya fi tsohon kwaɓin tauri. Don gane irin kwaɓin da ke jikin gini, ku kankare gaɓar da ƙusa: na farar ƙasa yakan yi fari-fari, yana marmashewa, sau da yawa da ƙananan dunƙulen fari a cikinsa.

Ƙarfen da ke ɓoye a bango shi ma abin lura ne, domin tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, sai ta tura dutse har ya fashe. Ginin Fatenon, tsohon wurin bauta na marmara da ke birnin Atina a ƙasar Girka, misali ne sananne. Maginansa na asali sun lulluɓe ƙarafan da suka ɗaure duwatsu da dalma don kada su yi tsatsa, amma a gyaran da injiniya Nikolaos Balanos ya jagoranta a farkon ƙarni na 20 an sa ƙarfe ba tare da wannan kariya sosai ba, ya yi tsatsa ya farfasa marmara. Aikin da aka soma daga 1975 ya haɗa da cire waɗannan ƙarafa ana sa na taitaniyam, wanda ba ya tsatsa.

Yadda ake sake cika gaɓa

Gaɓar da ta lalace kawai ake taɓawa, mai lafiya a ƙyale ta. Ana ƙwaƙule tsohon kwaɓi da siririn cizal da guduma, zurfin ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin gaɓar. Idan faɗinta milimita 10 ne, zurfin zai kama milimita 20 zuwa 25, kuma idan an tarar da kwaɓi yana marmashewa a ciki sai a ci gaba har a iske mai ƙwari. Injin yanka mai faifai yana da sauri, amma kuskure kaɗan yakan yanke gefen bulo, kuma a ganina bai kamata mai koyo ya kusanci ginin tarihi da shi ba. Ƙurar dutse da ta yashi tana lalata huhu, farar ƙasa kuma tana ƙona fata da ido, don haka takunkumi da tabarau da safar hannu dole ne.

Bayan an share ƙurar da buroshi, sai a yayyafa wa gaɓar ruwa ta yi laima, amma kada ruwa ya kwanta a ciki, domin busasshen bulo yakan tsotse ruwan kwaɓi kafin ya kama. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne awo ɗaya na farar ƙasa da awo uku na yashi mai kaifi da aka wanke, a kwaɓa da tauri, ba ruwa-ruwa ba. Launin gaɓa daga yashi yake fitowa, saboda haka a nemi yashin da ya yi kama da na asali, a fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa, a jira ya bushe a gani.

Ana tura kwaɓin da siririn ƙarfen da ya shiga gaɓar, kaɗan-kaɗan, ana dannawa sosai don kada a bar rami a ciki. Gaɓa mai zurfi hawa-hawa ake cika ta, a bar kowane hawa ya ɗan yi ƙarfi har babban yatsa ya daina nutsewa kafin a ƙara wani. Kada a shafe kwaɓi a kan fuskar bulo. A bar shi daidai da gefen bulon ko ya ɗan shige ciki, sannan a bubbuga shi da buroshi mai tauri idan ya fara kamawa. Daga nan sai a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gaban wurin, a riƙa yayyafa ruwa na kwanaki, don rana da iska kada su busar da shi da gaggawa ya tsattsage. Ba a yin wannan aiki idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5.

Wanke bango kuwa, da ruwa da buroshi mai laushi ake farawa. Fesa yashi da inji yana kankare fatar jan bulo da wuta ta gasa, ruwan asid kuma yana cinye marmara. Idan ginin yana cikin jerin waɗanda hukuma ke karewa, sai an nemi izini a rubuce kafin a fara, kuma a ɗauki hoton bangon kafin aiki da bayansa.

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi ya zaɓi tsohon bango ɗaya na dutse ko jan bulo, ya zana shi a littafinsa, ya nuna inda ruwa ke bi da inda gaɓa ta zube. Ya auna faɗin gaɓa uku da milimita, ya lissafa zurfin da za a ƙwaƙule kowacce, ya rubuta jimla biyar a kan abin da zai fara gyarawa da dalilinsa, ya kawo aji a zama na gaba.